Rashin Mota Ba Ya Hana Ganin Giwa



Kwanakin baya muna zaune da wasu ɗalibai a ƙofar gida bayan la'asar, sai hira ta kai mu ga namun daji. Na tambaye su ko akwai wanda ya taɓa ganin giwa a dawa, ido da ido. Su goma sha ɗaya ne, amma ba a samu ko mutum ɗaya ba. Na ce to wa ya taɓa zuwa Yankari? Nan ma shiru. Can sai wani yaro mai natsuwa, wanda ke karatun kimiyyar halittu, ya ce, "Baba, ai wannan wurin masu mota ne. Mu da ko keke sai aro, ina mu ina Yankari?" Sauran suka gyaɗa kai.

Maganar nan ta tsaya mini a rai. Yaron ya zana giwa a takardar jarrabawa, ya san wata 22 take yi da ciki kafin ta haihu, ya kalle ta a waya ba adadi, amma ya riga ya yanke wa kansa hukunci cewa ba zai gan ta ba sai ranar da Allah Ya hore masa mota. Saboda shi da ire-irensa na ɗauki alƙalami. Sau uku ina zuwa Yankari, kuma ban taɓa shiga da motar kaina ba. Abin da ya kai ni shi ne abokan tafiya, da shiri tun daga gida, da yawan tambaya. Waɗannan kuwa babu wanda ya fi ƙarfinku a cikinsu.

Ku fara tuna ko ku jikokin su wane ne. Kakanninmu fatake sun riƙa tashi daga Kano da Katsina, su taka har ƙasar Gwanja, a arewacin Gana ta yau, su sayo goro a kasuwar Salaga, tafiyar watanni da jakuna da ƙafa. Wasu suka nufi gabas, suka ratsa Cadi da Sudan a ƙasa don sauke farali, har zuriyarsu na can zaune yau. Ba su da inji, amma suna da ayari. Akwai madugu mai faɗa a ji, akwai jagaba da ke wucewa gaba ya dubo hanya, an san zangon da za a yada kafin rana ta faɗi. Wanda ya fito daga wannan tsatso bai kamata tafiyar yini ɗaya a kan kwalta ta gagare shi ba.

Sannan ku san cewa motar gida da kuke gani kamar ita ce sharaɗin shiga gandun daji, a wurare da yawa ma korar ta ake yi. A Amurka aka fara keɓe gandun daji na ƙasa, wato Yellowstone, a shekarar 1872, kuma ƙasa ce da kusan kowane gida ke da mota. Duk da haka, a gandun Zion da ke jihar Yuta, tun shekarar 2000 aka hana motocin gida shiga babban kwarin a mafi yawan watannin shekara. Kowa ajiye motarsa yake yi a waje, ya bi layi ya hau bas, da mai kuɗi da talaka. A gandun Denali na Alaska, motar gida ba ta wuce mil 15 na farkon hanya, daga nan sai bas. Dalilinsu a fili yake. Yawan motoci na kawo cunkoso da hayaƙi da ƙara, dabbobi su guje wa bakin hanya, wanda ya zo kallo ya koma bai ga komai ba sai bayan motar da ke gabansa. To in masu motoci na ajiye nasu don su ga daji da kyau, me zai sa marar mota ya ji kunya?

Bari mu dawo gida, in ɗauki Yankari a matsayin misali, domin ita ce ta fi kusa da yawancinku, kuma ita na fi sani.

Yankari tana ƙaramar hukumar Alkaleri a jihar Bauchi, faɗinta ya kai murabba'in kilomita 2,244. An keɓe ta a 1956, aka buɗe ta ga masu ziyara a watan Disamba na 1962. A 1991 ta zama gandun daji na ƙasa a hannun gwamnatin tarayya, sannan a 2006 ta koma hannun gwamnatin jihar Bauchi. Kogin Gaji ne ya ratsa ta, shi ne ran dajin. A nan ake samun ɗaya daga cikin manyan garkunan giwaye da suka rage a Najeriya, ga ɓauna da gwanki da kanki da mazo, ga dorina da kada a ruwa, ga 'yan zakuna kaɗan da suka saura, ga tsuntsaye fiye da iri 350. A tsakiyar dajin akwai sansanin Wikki, inda masaukin baƙi da gidan tarihi suke, kuma a gindinsa ruwan ɗumi na Wikki ke ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin dutse, garau kamar madubi, zafinsa digiri 31 dare da rana, rani da damina.

Hanyar zuwa gaɓa uku ce, kuma wanda ya gane gaɓoɓin nan ya gama rabin shiri. Ta farko daga garinku zuwa Bauchi. Wannan ba ta da wuya, motocin haya na zuwa kullum daga Kano da Jos da Gombe da Kaduna da Abuja. Daga Kano kimanin kilomita 300 ne ta Ningi. Ta biyu daga Bauchi a bi hanyar Gombe zuwa Dindima, a karkata kudu a yi kusan kilomita 29 zuwa ƙauyen Mainamaji, inda babbar ƙofar gandun take. Ta uku ita ce wadda ke ba baƙo mamaki: daga ƙofa zuwa sansanin Wikki akwai sauran kilomita 42, tsantsar daji, babu gari, babu tasha, babu mai shayi. Mutane da yawa sukan ɗauka in sun isa ƙofa sun iso, alhali tafiya na gaba. Wannan tsakanin ba wurin takawa da ƙafa ba ne, ba kuma wurin tsayawa a bakin hanya ana ɗaga wa mota hannu ba ne. Saboda haka nasihar da ke biye kusan duk a kan gaɓar nan ta uku take.

Abu na farko, ku haɗa ayari. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mutum ɗaya in ya ce zai ɗauki shatar mota daga Bauchi zuwa Wikki da dawowa, aljihunsa zai yi kuka. Amma in ku goma sha huɗu ne ko goma sha takwas kuka cika bas ɗaya, kuɗin ya rabu, kowa ya ɗauki ɗan abin da zai iya. 'Yan aji ɗaya, 'yan majalisa ɗaya, ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, matasan masallaci ko na coci, duk ayari ne a shirye. Ku fara karo-karo ko adashi wata uku ko huɗu kafin tafiya. Kuɗin data da na cajin waya da kuke kashewa a wata biyu, in kun lissafa da gaskiya, za ku sha mamakin inda zai kai ku. Ku naɗa madugu, mutum mai haƙuri wanda in ya ce a tashi za a tashi. Ku naɗa ma'aji mai riƙon amana, ya rubuta duk abin da ya shiga da wanda ya fita, ya karanta wa kowa. Tafiya ba ta ɓata zumunci sai ta wajen kuɗin da ba a rubuta ba. Ku kuma nemi wanda zai zama jagaba, ya bugi waya ya tambayo kuɗin shiga, da kuɗin ɗaki, da na motar zagaya daji, da lokacin rufe ƙofa, tun kuna gida. In ɗalibai ne ku, ku tafi da katin makaranta da takarda daga shugabanta, ku tambaya ko akwai rangwame. Matambayi ba ya ɓata.

Kafin duk wannan, ku nemi izinin iyaye da albarkarsu. Ku faɗa musu inda za ku, da su wa, a wace mota, da ranar dawowa. 'Yan mata kuma kada ku ce wannan magana ta maza ce. Daji na kowa ne. Ku tafi tare da yayyenku ko malamanku mata, cikin tsarin da iyaye suka aminta da shi, ku ma ku ga abin da Allah Ya halitta.

Abu na biyu shi ne cinikin mota, kuma a nan zan daɗe, domin a nan na taɓa shan wuya. A zuwana na farko mun samu wani direba a gefen titi, ba a cikin tasha ba. Bakinsa da daɗi, farashinsa da sauƙi. Muka yi ciniki a kan zai kai mu, ya koma gari, washegari bayan azahar ya dawo ya ɗauke mu. Da ya sauke mu sai ya ce a ba shi kuɗinsa duka, wai zai sha mai ya kuma gyara taya. Muka ƙirga muka ba shi. Washegari muka ɗaure kaya muka zauna a inuwa. Azahar ta yi, la'asar ta wuce, rana ta yi ja, ba shi ba labarinsa. Wayarsa ba ta shiga, mu ma sai mun yi yawo da waya a hannu kafin mu samu sabis. Daren nan muka ƙara kwana da kuɗin da muka ware na komawa gida, muka raba ragowar burodi da ƙuli-ƙuli. Sai da safe wata mota da ta kawo kaya sansanin ta taimaka ta fito da mu. Ba mu san sunan direban nan na gaskiya ba, ba mu riƙe lambar motarsa ba, ba mu da wanda za mu kai wa ƙara.

Don haka ku shiga cikin tasha ku yi cinikinku a gaban shugabannin direbobi. In an san direba a tasha, an san gidansa, ba zai yi wasa da ku ba. Ku rubuta sunansa da lambar motarsa da lambar wayar wani shugaban tashar, ku tura wa na gida. Ku fayyace komai da baki ɗaya: mai a kan wa yake, kuɗin shigar mota a ƙofa wa zai biya, zai kwana tare da ku ko zai dawo. In da hali, ya kwana. Ku lissafa abincinsa da makwancinsa cikin kuɗin tafiya, ya fi muku kwanciyar rai nesa ba kusa ba. Ku ba da kafin alƙalami, ciko kuwa sai ya sauke ku a inda ya ɗauke ku. Kafin ku hau, madugu ya zagaya motar, ya duba tayoyi, ya tabbatar akwai safaya da jak. Wannan ba raini ba ne ga direba, kuma direban kirki ba zai ji haushi ba. Ku ma ku kyautata masa. Ku kira shi da girmamawa, in kuna ci ku miƙa masa, kada ku matsa masa ya yi gudu. Ranku na hannunsa bayan na Allah.

Abu na uku, lokaci. Da rani ake zuwa kallon namun daji, daga Nuwamba zuwa Mayu, kuma mafi kyau daga ƙarshen Fabrairu zuwa Afrilu. Dalili shi ne a lokacin ciyawa ta bushe ta kwanta, ido na gani nesa, ƙananan tafkuna sun ƙafe, dole dabbobi su gangaro kogin Gaji shan ruwa. Da damina daji kan yi kyau shar, amma ciyawa ta fi mutum tsawo, ruwa na ko'ina, dabba ba ta da dalilin fitowa, hanyoyin ciki kuma sun yi laka. Ku sani watannin da suka fi kyan kallo su ne suka fi zafi, saboda haka ruwan sha ya zama kan gaba a guzurinku. Game da ranar tafiya kuwa, ku yi sammako. Ku kwana a Bauchi in garinku da nisa, ku tashi da sassafe, ku isa ƙofa rana na sama. Kada ku yi tafiyar dare ko da direba ya ce ya saba. Sallah ba za ta zama matsala ba, matafiyi na da sauƙin ƙasaru, ku dai riƙe buta da dadduma.

Guzuri kuwa, marar mota kayansa a kafaɗarsa suke, don haka ya rage. Jaka ɗaya ta isa. Ku sa takalmi rufaffe mai tauri, da hula mai baki, da tufafi masu launin ƙasa. Ku guji baƙi da shuɗi mai duhu, domin ƙudan tsando na bin waɗannan launuka, cizonsa kuwa kamar allura. Ku ɗauki tocila, da abin cajin waya na tafi-da-gidanka, da maganin sauro, da maganin da likita ya ɗora wa wani daga cikinku. Abincin da ba ya lalacewa shi ne abokin tafiya: dabino, ƙuli-ƙuli, kilishi, garin kwaki da suga, soyayyar gyaɗa. Ku riƙe tsabar kuɗi a hannu, a rabe a aljihu biyu ko uku, domin tiransifa sai da sabis, sabis kuwa a daji ba abin dogaro ba ne. Kuma ku ware kuɗin kwana ɗaya na ko-ta-kwana, wanda ba za a taɓa ba sai dole ta yi.

In Allah Ya kai ku Wikki lafiya, a nan ne za ku gane cewa rashin mota bai rage ku da komai ba. Ana zagaya daji ne a buɗaɗɗiyar motar gandun, tare da ɗan rakiya daga ma'aikata, da safe ko da yamma lokacin da rana ta yi sanyi dabbobi ke motsi. Mai tuƙa motarsa idonsa na kan ramuka, gilashinsa a rufe, ba ya jin ƙamshi ba ya jin sauti. Ku kuwa kuna sama, iska na bugun ku, idanu talatin na dubawa lokaci ɗaya.

Ba zan manta da wata safiya ba a zuwana na biyu. Mun yi fiye da awa ɗaya muna tafiya, ba mu ga komai ba sai zabin daji na tsallake hanya da wani gwanki da ya tsaya can nesa ya dube mu ya juya. Wasu har sun fara gunaguni. Sai ɗan rakiyarmu, wani dattijo siriri marar yawan magana, ya ƙwanƙwasa rufin mota, direba ya tsaya. Ya nuna mana ƙasa. Ga kashin giwa tsibi guda, ɗanye, ƙudaje ba su ma gama taruwa a kai ba. Ga sawu a kan rairayi, faɗinsa kamar faifai, da wani ƙarami a gefensa. Ya nuna wani reshe da aka karya, ruwan itacen bai bushe ba. Ya ɗebi ƙura a tafin hannu ya saki, ya ga inda iska ta nufa, sannan ya ce da direba a hankali, "Kashe." Da injin ya mutu sai dajin ya buɗe mana baki. Muka ji ƙas, ƙas, ana karya itace a cikin kurmi. Muka ji wani gurnani mai zurfi, wanda ƙirji ke riga kunne jin sa. Can sai ganye ya motsa, uwar garke ta fito, toka-toka, ƙura a gadon bayanta, tana kaɗa kunnuwa. Ta ɗaga hanci sama ta shinshina, ta tsaya kamar mai shawara, sannan ta tsallaka. Sauran suka biyo ta ɗaya bayan ɗaya, da ɗan ƙaraminsu yana sauri a tsakanin ƙafafun manya. Babu wanda ya yi tari a cikinmu. Wani abokina da ke gefena ban ji komai daga bakinsa ba sai tasbihi. Da mu kaɗai ne a motar gida, da mun taka kashin nan mun wuce ba mu san abin da ke bayan ganye ba. Ilimin dattijon nan ne ya nuna mana giwa.

Saboda haka ku girmama ɗan rakiya. Baƙo makaho ne ko da yana da ido. In ya ce a yi shiru, a yi. In ya ce kada a sauka, kada a sauka, ko da hoton da za ku samu ya kai me. Giwa ba ta gani sosai, amma hancinta da kunnenta ba sa kuskure, kuma mai ɗa ba ta da wasa. Ɓauna da kuke gani kamar saniya ba saniya ba ce. Ku yi wa ɗan rakiya tambayoyi, ku rubuta sunayen itatuwa da tsuntsaye da Hausa kafin sunayen su ɓace daga bakinmu: marke, kawo, maɗaci, giginya, burtu, cilakowa, zalɓe, carki. In kun gama, ku haɗa ɗan ihsani ku ba shi. Ku kuma sa a ranku cewa daji ba gidan zu ba ne, babu dabbar da aka ɗaure tana jiran ku. Wata rana a ga giwa, wata rana sai sawunta. Shi ya sa kwana biyu ya fi kwana ɗaya, fita biyu ta fi fita ɗaya.

A cikin sansanin ma akwai ladabi. Gwaggon biri ya saba da mutane har ya daina tsoro. Na ga wani ya fizge ledar burodi daga hannun yaro, ya koma gefe ya zauna ya kwance ta da yatsu kamar mutum. Ku rufe ƙofa da taga, kada ku yi yawo da abinci a fili, kuma kada ku ba birai abinci da hannunku, domin biri in ya koyi roƙo, ƙwace ne ke biye. Mugun dawa na kiwo a tsakanin ɗakuna, ku bar shi ya yi harkarsa. A ruwan Wikki, wanda bai iya iyo ba ya tsaya inda ƙafarsa ke taɓa ƙasa, domin akwai wurin da zurfinsa ya kusa mita biyu. Ku kiyaye sutura da mutuncin juna. Leda da robar ruwa da kuka shigo da su, ku fita da su.

Kada kuma ku tsaya ga dabbobi kawai. Ku roƙi a kai ku kogunan dutse na Marshall, ɗakuna 59 da mutanen dauri suka sassaƙa a jikin dutse. Ku tambayi rijiyoyin Dukkey, fiye da ɗari, masu haɗe da juna ta ƙarƙashin ƙasa, da tsofaffin matoyar tama na Shau Shau, inda aka narka ƙarfe tun kafin zuwan Turawa. Wanda ya tsaya a gaban waɗannan ba zai sake yarda a ce masa kakanninsa ba su san fasaha ba.

Abin da na faɗa a kan Yankari zai yi muku aiki a wasu wuraren. Gashaka Gumti, gandun daji mafi girma a Najeriya, wanda ya ratsa Taraba da Adamawa, ana zuwa hedikwatarsa a Serti da motar haya daga Jalingo ta Bali. A can ne dutsen Chappal Waddi yake, mai tsawon mita 2,419, wanda babu kamarsa a ƙasar, kuma babu motar da ke kai mutum ƙololuwarsa, sai ƙafa da ɗan jagora. 'Yan uwanmu na zangon Tamale da Kumasi kuwa ga gandun Mole a ƙasar Gwanja, ƙasar nan da fatakenmu suka sani. Ana hawa mota daga Tamale zuwa Damongo ko Larabanga mai tsohon masallacin ƙasa, daga nan ƙofar gandun ba nisa. A Mole har da ƙafa ake zagayawa da sassafe, bayan ma'aikaci mai bindiga, a tsaya ana kallon giwaye na wanka a tafki.

Sai dai akwai maganar da ba zan ɓoye muku ba, ita ce ta tsaro. Wasu dazukanmu sun zama maɓoyar miyagu. Kamuku da ke Birnin Gwari, da gandun tafkin Kainji, da gandun W da ya haɗa Nijar da Benin da Burkina Faso, duk sun sha fama da 'yan bindiga. A watan Agusta na 2020 an kashe mutum takwas a yankin Kure, kusa da Yamai, wurin da ake zuwa kallon raƙuman dawa. Don haka kowane gandu za ku, har da Yankari, ku tambayi halin da ake ciki a makon tafiyar, ba labarin bara ba. Ku tambayi hukumar gandun, ku tambayi direbobin da ke bin hanyar kullum. In an ce a dakata, ku dakata, kuɗinku na hannun ma'aji, giwa kuma ba ta ƙaura. Rigakafi ya fi magani, kuma jarumtar da za ta sa uwa kuka ba jarumta ba ce.

Me ya sa na dage sai kun je? Domin abin da ba a sani ba, ba a kishinsa. Raƙumin dawa ya taɓa yawo a dazukan Yankari, yau babu shi. Irin nasa na Afirka ta Yamma a Nijar kaɗai ya rage, kuma a 1996 saura 49 kacal a duniya, sai da aka tashi tsaye aka kare su kafin suka haura 600. Wannan ya nuna cewa abin da aka kula da shi yana dawowa, wanda aka yi wa sakaci kuma yana tafiya ba sallama. Masu gadin daji na kwana a dawa suna fuskantar mafarauta. Manomin da ke maƙwabtaka da gandu, wanda giwa kan shiga gonarsa ta cinye wahalar shekara a dare ɗaya, yana bukatar ya ga amfanin zaman dajin. Matafiyi marar mota shi ne ke kai wannan amfani ƙasa. Kuɗinsa na shiga hannun direba da yaron mota, da mai ƙosai a tasha, da mai rake a Dindima, da ɗan rakiya. Amma ku kiyaye, kada ku sayi naman daji ko fata ko wani abu na haure a hanya, ko da an yi muku araha. Duk wanda ya saya, shi ya aiki mafarauci.

Ku ne gobe za ku zama malamai da 'yan majalisa da hakimai da kwamishinoni. Ranar da aka kawo muku takardar yanka wani daji a raba gonaki, ina so a samu a cikinku wanda zai tuna safiyar da aka kashe inji ya ji numfashin giwa. Addini ya kwaɗaitar da mu tafiya a bayan ƙasa da lura da halitta, Hausawa kuma suka ce tafiya mabuɗin ilimi, gani ya kori ji.

Yaron nan da ya ce wurin masu mota ne, na ce masa ya kawo takarda ya rubuta sunan abokansa goma sha uku. Ku ma abin da nake roƙon ku ke nan. A wannan makon ku zauna, ku naɗa madugu da ma'aji, ku sa ranar tafiya a cikin rani mai zuwa, kowa ya ajiye kuɗinsa na farko. Kada ku jira mota, domin ba ku san ranar zuwanta ba, ba ku kuma san abin da zai rage a dajin ba in ta zo. Allah Ya kai ku lafiya, Ya dawo da ku lafiya, Ya sa ku ga abin da za ku ba jikokinku labari.